BAƘIN CIKIN GILASHI

Shafi na 27

Masu turo min saƙo tun ban karya kumallo ba wai na bar ku a tsaye, to ga shi. Waɗanda kuma ke kare Tahiru suna cewa ɗan zamani ne, ku gama karanta wannan tukun sannan ku zo mu yi ta.

*

Lubabatu ta tsaya a bakin magaza, ɗakin ajiyar kamfani, ta riƙe ƙugu tana kallon yayanta.

Tahiru ya sa an ciro teburinsa daga biro, wato ofishinsa, an kafa shi a tsakiyar magazar. A bayan kujerarsa an jera buhuna tun daga ƙasa har kusa da kwano. Duk wanda ya hango su ta cikin ordinatar, wato kwamfuta, sai ya rantse kamfanin man gyaɗa na mahaifinsu Alhaji Mai Nasara bai ma ji labarin an yi fari a Damagaram ba.

Ta matsa ta bugi buhu ɗaya da bayan hannu. Ya yi ƙarar busasshen ganye.

"Yaya, ɓawo ne fa."

"Na sani. Ni na sa aka ɗura."

"Duka?"

"Na gefen nan gyaɗa ce. In sun ce in buɗe, shi zan buɗe."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Kwat baƙa, farar taguwa, karabat ja ya shaƙe masa wuya a cikin wannan zafi na bazara. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa tsohon wandon shadda ne da silifas ɗin wanka, don idon ordinatar ba ya kaiwa can.

Ta ja tsaki.

"Rabin mutum ka shirya musu ke nan."

"Rabin da suke gani. Luba, in ba za ki taimaka ba, kar ki ɓata min. Yau za su yanke maganar ƙarin jari."

Tun lokacin korona da aka rufe hanyoyi masu jarin nan na ƙasashen waje suka koma yin taro da su ta bidiyo. Tahiru ya ji daɗin abin fiye da kowa. Cuta ta wuce, jirage suka dawo tashi, shi bai dawo ba. Duk sanda Madam Odil, shugabar masu jarin, ta ce tana son zuwa Zinder, sai ya samo mata dalili. Yau zafi zai kashe ta. Gobe hanya ba tsaro. Jibi otal ba ruwa. Alhaji kuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye yana kwance a gida a Zango, babu mai tsawata wa Tahiru da ya zama direkta.

"To in sun ba da jarin," in ji ta, "man da ka yi musu alkawari da me za ka matse shi? Da ɓawo?"

"Akwai gyaɗa a ƙauye."

"Wace gyaɗa? Ruwa ya ɗauke tana fure. Ka je Mirriya ka ga rumbuna."

"Akwai wadda suka ɓoye."

"Wannan iri ne, Yaya!"

"Wanda ya kwana bai ci ba zai sayar."

"In damina ta faɗi su shuka me?"

Ya gyara karabat ɗinsa yana duba fuskarsa a gilashin ordinatar.

"Ni na hana ruwa sauka?"

Ta kau da kai. Ta san in ta buɗe baki abin da zai fito ba na ƙanwa ba ne.

Ƙarar babur ta tsaya a waje. Wani mutum ya shigo da sallama, sanye da sabuwar riga mai karin guga, da malafa, ga hauya a kafaɗa wadda ko ƙasa ba ta taɓa lasa ba.

Lubabatu ta ƙura masa ido.

"Nomau? Ba kai ne ɗan kabu-kabun bakin kasuwar Zango ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Ni ne, Hajiya. Amma yau Mushe Tahiru ya ce ni ne sarkin noma."

"Na ina?"

Ya waiga ya dubi Tahiru.

"Na Takieta," in ji Tahiru. "Zauna nan. Me na ce ka ce?"

"Alhamdu lillahi, mun samu albarka, muna godiya ga kamfani."

"In sun sake tambaya fa?"

"In sake cewa alhamdu lillahi."

"Shi ke nan. Sauran ni zan fassara."

"Nomau," in ji Lubabatu, "gyaɗa a sama take 'ya'ya ko a ƙasa?"

"Haba Hajiya, a ƙasa mana." Ya sosa ƙeya. "Ko?"

"Luba!" Tahiru ya daka mata tsawa. "Ja kujera ki zauna. Ki yi murmushi. Suna son ganin mace a teburi."

Ta zauna. Murmushin ne dai ta ce sai ya nemo a wani wuri.

Gilashin ya haska, ya rabu gida uku.

A ɗaya ga Mushe Karim daga Dubai, yana kishingiɗe cikin sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana juya cokali a kofi. A ɗaya wani saurayi ne daga Paris wanda tun da aka fara tarukan nan Lubabatu ba ta taɓa ganin ƙwayar idonsa ba, kullum kansa na kan waya. Gidan Madam Odil kuwa baƙi ƙirin, sai sunanta kawai.

Lubabatu ta bi su da kallo. Wai waɗannan su ne masu kaso a guminsu. Ko ƙamshin tunkuza ba su sani ba. In aka ajiye musu gyaɗa da gujiya ba za su raba ba.

"Ku gafarce ni," muryar Madam Odil ta fito da Faransanci. "Rezon intanet ba shi da ƙarfi a inda nake. Zan saurara kawai. Bismillah, Mushe direkta."

Tahiru ya washe baki ya fara.

Ya ce fari ya taɓa wasu yankuna, gaskiya ne, amma manoman kamfani sun tsira saboda dabarun da shi ya koya musu. Ya ce injuna ba sa hutawa. Ya juya ya shafa buhunan da ke bayansa kamar mai shafa doki. Ya kwance bakin na gefe ya ɗebo gyaɗa ya watsa a tebur.

Mushe Karim ya ɗaga babban yatsa. Na Paris bai ɗago ba.

"Ga kuma shugaban manomanmu, ya taso tun daga Takieta don ya gaishe ku."

Nomau ya kai fuskarsa dab da gilashi har hancinsa ya cika shi.

"Alhamdu lillahi, mun samu albarka, muna godiya ga kamfani!"

"Ka tambaye shi," in ji Madam Odil, "a wane ƙauye gonarsa take."

Tahiru ya faɗa masa da Hausa, yana taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Alhamdu lillahi," in ji Nomau.

"Ya ce gonakinsa suna da yawa, Madam, ko'ina yana da su."

"Kalma ɗaya ce ta ɗauki duk wannan?"

"Hausa haka take, Madam. A dunƙule take."

Lubabatu ta rufe baki da gefen mayafi. Ba dariya ce kaɗai ta taso mata ba, har da kunya. Sunan ubanta ne ake wasa da shi a gaban baƙi.

A daidai nan wani kamiyo, babbar motar kaya, ya danna oda a bakin titi, doguwa, mai karyewa a ƙarshe kamar kukan tsohon jaki.

Kafin ƙarar ta mutu, sai ga ta ta sake fitowa.

Daga cikin ordinatar.

Lubabatu ta miƙe zaune. Tahiru bai lura ba, yana ta zuba a kan sabon injin da za a sayo.

Mai tallan ruwa ya wuce ta bayan katanga yana kira. Muryar ta shigo ta ƙofa, ta kuma fito ta bakin ordinatar.

Wannan karon Tahiru ya lura.

"Madam," ya ce a hankali, "kina ina ne?"

Baƙin gidan ya haska.

Ga ta da hular rana, fuska ta yi ja jawur. A bayanta shuɗiyar ƙofar ƙarfe ce, an rubuta MAI NASARA da farin fenti.

"Gardinku ya ce direkta yana babban taro da Turawa, ba a shiga," in ji ta. "Ko za ka yi masa magana?"

Tahiru ya miƙe har kujera ta kife. Silifas ɗinsa ɗaya ya fice. Mushe Karim ya ajiye kofi ya matso. Na Paris ma yau ya ɗago, ashe yana da idanu.

Lubabatu kuwa ta san abin da ya kawo matar. A taron da ya wuce, da Tahiru ya tashi amsa waya ya bar ordinatar a buɗe, ita ce ta matsa ta ce da matar nan, "Madam, ki zo ki gani da idonki." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ba ta kuma zaci za ta zo ba.

Madam Odil ta shigo magaza ita kaɗai, takalmanta sun yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Gajeruwa ce ashe. A gilashi kamar za ta kai ƙofa.

Ta dubi kwat ɗin Tahiru, ta dubi wandon, ta dubi ƙafarsa ɗaya da ba takalmi.

"Madam, barka da zuwa! Ai da kin sanar da ni, da na aika motar katkat filin jirgi, da an..."

"Na kwana biyu a nan. Na zaga ƙauyukan Mirriya. Na je Takieta." Ta juya wajen Nomau. "Na kuma gaisa da sarkin nomansu. Tsoho ne, ido ɗaya."

Nomau bai ji Faransanci ba, amma ya ji Takieta, ya kuma ga fuskar Tahiru. Ya jingine hauya a hankali.

"Mushe, rigar in tuɓe ta ko in tafi da ita?"

"Fita!"

Ya fita da rigar.

Madam Odil ta tura buhu ɗaya da ɗan yatsa. Ya gangaro ya faɗi ba nauyi, bakinsa ya kwance, ɓawo ya watsu har ƙarƙashin tebur.

Lubabatu ta miƙe. Abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata gaba ɗaya.

"Madam, tunda kin je kin gani, ba sai na yi miki bayani ba. Kin ga rumbuna. Kin ga garuruwan da maza suka watse cin rani aka bar mata da tsofaffi. Ba ƙarin inji muke bukata ba. Iri muke bukata a raba musu kafin ruwan farko. In suka shuka bana, baɗi kamfani zai tashi. Mahaifinmu ya taɓa yin haka, bai yi asara ba."

Matar ta ɗaga kujerar Tahiru, ta kaɗe ta, ta zauna a kai.

"Madmazal, na gani. Akwai ban tausayi ƙwarai." Ta cire hula ta shiga fifita da ita. "Amma mu ba ƙungiyar agaji ba ne."

Lubabatu ta yi tsaye kamar an watsa mata ruwa.

"Kuma ba yau muka san an yi fari ba. Tauraron ɗan'adam yana nuna mana gonakinku daga sama. Tun kaka muka san babu gyaɗa."

"Tun kaka?" in ji Tahiru. "To me ya sa kuka bar ni ina..."

"Kana magana mai daɗi. Mu kuma muna naɗa." Ta nuna wani jan ɗigo a kusurwar gilashin. "Kowane taro. Ba ka taɓa tambayar aikin wannan ba? A yarjejeniyar da ka sa wa hannu, ranar da direkta ya yaudari masu jari, ragamar kamfani ta dawo hannunmu. Sau ɗaya za ka iya cewa kuskure ne. Shi ya sa muka bar ka ka maimaita."

Daga Dubai Mushe Karim ya ɗaga kafaɗa, irin ta abin ya fi ƙarfina.

Lubabatu ta dubi yayanta. Gumi ya jiƙa wuyan taguwarsa. Mutumin da ya ɗauka shi ke wasa da Turawa ta gilashi, ashe su suka zaunar da shi suna kallo kamar biri a kasuwa. Ta nemi tausayinsa a ranta ba ta samu ba.

Ta juya ga matar.

"In kun san komai daga sama, me ya kawo ki ƙasa?"

"Abin da ba a gani ta bidiyo. Girman fili. Lafiyar injuna. Nisan ku da gudiro, titin kwalta." Ta yi ɗan murmushi. "Wurin yana da kyau. Mahaifinku ya iya zaɓe."

"Wato ba mutane kika zo gani ba."

"Na ga mutane. Na kuma ga ba za a dogara da su ba. Shekara ɗaya ruwa, shekara ɗaya babu. Za mu riƙa shigo da gyaɗa daga kudu, ɓararriya, tsintacciya. A matse a nan, a sayar a nan."

"Ɓararriya?"

"Ƙwarai."

Ta tagar magaza ana jiyo matan rumfa. Gyaɗar da ta rage ba ta taka kara ta karya ba, amma kullum sai sun zo sun zauna a kanta suna ɓara suna tsinta, suna toya ƙuli da 'yar tunkuzar da aka samu. Wasunsu da su Alhaji ya fara tun yana matsa da turmi. A wannan shekara da mazansu suka bazu Agadas da Kano, abin da suke samu a rumfar nan shi ne tukunyar gidajensu.

"Matan fa?"

"Ba za a bukace su ba."

"Babanmu ya yi rantsuwa ba za a kori ko ɗaya ba yana numfashi."

"Rantsuwarsa ce, ba tamu ba."

Tahiru ya sami bakin magana.

"Madam, ni zan iya. Wallahi zan iya. In korar ce, yau ma sai in..."

"Kai ka gama, Mushe."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan Lubabatu.

"Ke muke so. Manoma sun san ki, matan nan suna jin maganarki, hukuma ba za ta yi hayaniya ba in 'yar mai wurin ce ta sallame su. Sunan mahaifinki zai zauna a ƙofa. Ke ce direkta daga yau. Kuma kin nuna kin san inda amfaninki yake, tunda ke kika gayyace ni."



Tahiru ya juyo a hankali.

"Ke?"

"Yaya..."

"Ke kika kira ta?" Ya koma Hausa. "Uwa ɗaya uba ɗaya, Luba? Kujerar kike so, shi ne ba ki faɗa min ba? Kika bi ta bayan gida?"

"Kujerarka ta banza! Don a ba mutane iri na kira ta!"

"To ga irin nan an ba ki. Sai ki shuka."

"Da ba ka cika buhu da ɓawo ba da wa ya isa ya karɓe mana wuri? Kai ka miƙa musu wuƙar, kana murmushi, da karabat!"

"Ni na riƙe su a bayan gilashi! Shekara nawa ba wanda ya tako nan? Ke kika buɗe musu ƙofa!"

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki.

Ta juya ga Madam Odil, ta koma Faransanci.

"In na ƙi fa?"

"Sai mu rufe, mu kwance injuna mu kai wani gari, mu sayar da filin. Matan dai tafiya za su yi ko ta wace hanya. Bambancin kawai, in kin karɓa, masu aikin inji za su tsira da aikinsu, mahaifinki kuma ba zai ji an sayar da wurinsa yana kwance ba."

"Kin je har ƙauye. Kin sha ruwansu."

"Na sha. Mutanen kirki ne." Ta duba agogo. "Jirgina da la'asar yake. Abokaina suna jira, a gabansu nake son amsarki."

A gilashi fuskoki biyu sun zuba mata ido. Jan ɗigon nan yana nan yana ƙiftawa.

Madam Odil ta miƙo hannu, fari, busasshe, ta bar shi a tsaye a iska.

"Salamu alaikum."

Duk suka waiga.

Inna Larai ce, babbar matan rumfa, wadda ta goyi Lubabatu tana jaririya a wannan fili. Ta yafa mayafinta na zuwa biki a kan zanen aiki. Tana riƙe da faranti an rufe da faifai, ƙamshin ƙuli mai zafi na tashi. A bayanta sauran matan sun cika ƙofa suna leƙe, wasu da goyo, fuskokinsu duk fara'a.

"Gardi ya ce mana babbar baƙuwa ta sauka," in ji ta. "Muka ce ba za ta tafi ba ta ɗanɗana aikin hannunmu ba."

Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye farantin a gaban Madam Odil. Sannan ta ɗago ta dubi hannun da ke miƙe, ta dubi Lubabatu.

"Ɗiyata, ba ki ga tana ba ki hannu ba ne? Karɓi mana. Me ta ce? Za a ba da irin da kika ce za ki roƙo mana?"